Shekarar da Za'afaran Bai Zo Ba

Da sunan Allah. Sunana Hurera, amma a Dutsin-Ma dangi kaɗai ke kirana da shi, kowa Hure mai tawada ya sani. Ban yi karatu ba, na allo ma iyakata abin da zan yi salla. Faɗa nake yi ana rubutawa, don haka in kun ga magana ta karkace, daga bakina ne, kuka ba ya barin tsohuwa ta jera zance yadda take so. Allah Ya jiƙan mijina Malam Isuhu, Ya yalwata masa kabari. Shi marubucin Alƙur'ani ne da hannu, ni kuma mai dafa masa tawada. Ba zan iya ba da labarin sana'ata ba sai da nasa a ciki.

Abin da ya sa na yarda na yi magana, kwanaki wasu 'yan mata suka shigo gaishe ni, ɗaya ta ga tsofaffin kurtuna a rataye, ta ce, "Iya, ashe tawada ma sana'a ce? Ba gawayi ba ne da ruwa?" Ban ji haushinta ba. Ta taso ta iske garin launi a leda, a zuba ruwa a kaɗa, shi ke nan. To ku zauna ku ji.

Tukunyata ta farko a Wurma na dafa ta, ta ƙasar Kurfi, a hannun uwar mijina Goggo Dije. Tawadar allo ce, wadda ake kira zuge. Itacen aduwa ake ƙonawa, ba kowane itace ba, kuma ba a barinsa ya zama toka, yana ja za a kife masa kwano ya mutu. A niƙa shi a kan dutse har ya daina ƙara a ƙarƙashin hannu, sannan a haɗa da ruwan ƙaro. Ƙaron shi ne danƙon da ke fita a jikin itacen daji, shi ke riƙe baƙin a kan allo. Ni da na ji an ce shi ke riƙewa, sai na zuba da yawa don in burge. Goggo ta ɗiga a farcen babban yatsanta, ta hura, ta jira ya bushe. Ya tsage kamar ƙasan tafki da rani. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan ba tawada ba ce, kunu ne ya yi baƙin rai. Kai wa awaki ko su za su karɓa." Daga ranar na san gwajin farce: in ya tsage ƙaro ya yi yawa, in ka shafa ya tashi ya yi kaɗan.

Ta allo wasa ce a kan ta takarda. Ita ta allo ana so a wanke ta fita, ta takarda kuwa ana so ta fi mai rubutun daɗewa a duniya. Yambari ake ce mata. Bagaruwa ake dakawa a jiƙa, a jefa kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke saura a murhun maƙeri, a bar su su yi kwanaki har ruwan ya fara wari. A tace da tsumma, a ɗora a wuta ƙarama, ana tsaye a kai. In ta tafasa ta yi ambaliya, aikin ya tashi a banza. Na sha yin asarar tukunya saboda kukan yaro ko sallamar baƙo. Sai da na haifi 'yata ta biyu Goggo ta yarda Malam ya tsoma alƙalami a tawa. Ja kuwa da karan dafi muke yinta, irin jan kubben dawa da dukawa ke rina fata da shi.

Da muka koma Dutsin-Ma, bayan yaƙin basasa, aiki ya buɗe. Makarantun allo suna aikowa da kwalabe, malaman garin Dabawa suna saya ranar kasuwa, mata masu ciki suna neman ta rubutun sha. Har maƙwabcinmu Mista Bulus, Kirista ne mutumin Filato da ke aiki a gidan waya, ya ga baƙin rubutun Malam ya yi sha'awa, ya saya ya ɗura a alƙalaminsa na Turawa. Washegari ya zo da shi a toshe, yana cewa, "Maman Rabi, tawadarki ta musuluntar mini da alƙalami, ya ƙi aikin gwamnati." Malam ya yi dariya har da tari. Tun daga nan suka zama abokan hira a ƙofar gida.

Akwai launi na uku, kuma shi ne labarin. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'anin hannu ya ga 'yan ƙwayoyi uku a ƙarshen kowace aya, biyu a ƙasa ɗaya a sama, an zagaye su da ja an cika cikinsu da rawaya. Mutanenmu da gangamau suke cikawa, ko saiwar rawaya. Mu ma da su muka fara. Gangamau yana da kyau ranar da aka sa shi, amma bayan 'yan shekaru sai ya koɗe ya koma kamar tabon miya. Saiwar rawaya kuma duhu take yi. Malam yana haƙuri da su ne don babu wani.

Wanin ya zo ta hannun Alhaji Mani, ƙanin Malam, mai sayar da hatsi. Ya fara zuwa Makka lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, daga nan kusan kowace shekara yana komawa, yana rakiyar tsofaffin 'yan kasuwa da ba su iya ɗawainiyar kansu. Da yake ƙanin miji ne, tsakanina da shi sai tsiya. Wata shekara ya dawo ya tsaya a bakin ɗakin girki ya ce, "Matata, zo ki ga tsarabarki. Wasu zinariya aka kawo masu, ke gemun akuya na samo maki." Ya miƙo ƙullin tsumma ƙanƙane. Na kwance na ga wasu siraran zare jajaye, ƙamshinsu ya cika mini hanci.

Na ce, "Duk Makka da faɗinta, abin da rowarka ta iya ɗauka ke nan?"

Malam ya leƙo, ya karɓa, ya shinshina, ya ce, "Hure, wanke hannu. Za'afaran ne."

Alhaji ya ba mu labarin inda ya samo. Wani tsoho ne, Malam yana cewa mutumin Farisa, rediyo tana cewa Iran, mu dai Bafarishe muka riƙa kiransa don Alhaji bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba. Shi ma mai rakiyar alhazan garinsu ne, kuma kamar yadda alhazai ke yi, yakan zo da ɗan abin sayarwa ya baza a gefen hanya. Ba mai jin yaren wani, sai guntun Larabci da nuni. Alhaji yana ɗauke da wata warƙar addu'o'i da Malam ya rubuta masa. Tsohon ya gani, ya karɓa, ya daɗe yana kallo, ya sumbace ta ya ɗora a goshi. Ya nuna ƙwayoyin gangamau ya girgiza kai, ya ƙulla wannan za'afaran ya ce a kai wa mai rubutun. Ashe shi ma yana taɓa rubutu a garinsu.

Ga yadda nake jiƙa shi. Ba a dafa za'afaran, wuta kashe shi take yi. Ruwan sama nake tarawa a tulu dominsa, don na rijiyarmu yana da kanwa. A ɗumama ruwan kaɗan, yadda ba zai ƙona yatsa ba. A sa zaren a kofin tangaran, a murza da bayan cokali, a zuba ruwan a rufe, a ajiye a inuwa. In ya saki, sai a ɗiga ƙaro mafi haske, wanda babu ɓawo ko ƙasa a jikinsa. Da Malam ya cika ƙwayoyin shafi ɗaya ya ɗaga, sai ka ce an kunna 'yan fitilu a tsakanin ayoyi. Bai ƙara taɓa gangamau ba.

Shekara ta zagayo na rasa abin da zan aika wa tsohon, sai Malam ya ce marubuci ba ya ƙin ƙaro. Na zauna na tsince mafi kyau, guda-guda, na ɗinke a jakar fari. Alhaji ya ce da tsohon ya buɗe ya ɗaga ɗaya a rana, sai ya riƙa buga ƙirji yana nuna sama. Shi ke nan abu ya zama al'ada. Ƙarona ya tafi, za'afaransa ya zo. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma duk rani in mata 'yan daji suka kawo ƙaro, nakan ware nasa kafin na kowa.

Ku lura da yadda muke aiki, don a nan abin ya kama mu. Za'afaran ba ya jure damina a irin ɗakunanmu, laima tana shiga ya yi sanyi, launin ya rage. In an jiƙa shi kuma ba ya kwana da yawa. Saboda haka ba mu taɓa ajiye na baɗi ba. Malam yakan yi baƙi da ja a tsawon shekara, ya zagaye ƙwayoyin ya bar cikinsu fari. Alhazai na dawowa, sai mu zauna ni ina jiƙawa shi yana cikawa, har a gama abin da ya taru. Ragowar a ba mata masu naƙuda don rubutun sha. Wa zai yi tunanin za a wayi gari alhazan ƙasa guda ba su zo Makka ba?

Ana nan rediyo ta ce mutanen ƙasar su Bafarishe sun kori sarkinsu, malamai sun karɓi mulki. A zauren Malam murna aka yi da farko. Na ji wani almajirinsa babba yana cewa yau ga ƙasar da mai rawani ke ba soja umarni. Malam ya ce, "Allah Ya sa su iya. Riƙon alƙalami daban, riƙon mutane daban." Daga baya labarai suka fara canzawa. Yau a ce sun tsare mutanen wata ƙasa, gobe a ce bam ya tashi a wani gari kuma da hannunsu, su kuma su ce ƙarya ake yi masu. Aka ce manyan ƙasashe sun daina ciniki da su. Suka shiga yaƙi da maƙwabtansu, yaƙin ya ƙi ƙarewa. Ni ban san gaskiyar kowa ba, daga ɗakin girki nake jin rediyon. Abin da na sani, tsohon bai daina zuwa ba, sai dai ƙullin yana ƙanƙancewa. Wata shekara Alhaji ya ce ya same shi ya rame, tsohon ya nuna masa tsawon saurayi da hannu, ya nuna ƙasa. Ɗansa ya tafi yaƙin bai dawo ba. Malam ya tara almajirai aka yi wa yaron addu'a, ba mu ma san sunansa ba.

A cikin waɗannan shekarun idon Malam ya fara ba shi matsala. Aka kai shi Kano, likitoci suka ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, magani sai dai ya rage mata sauri. Ya ce mini yana ganin duniya kamar mai leƙe ta bakin kurtu, tsakiya tana nan, gefe ya tafi. Da muka dawo ya ce, "Hure, na rubuta wa Kurfi, na rubuta wa Katsina, har Maradi akwai hannuna. Gidan nan babu ko ɗaya. In na mutu mi za ki nuna wa jikoki?" Ya sayi takarda mai kyau, ya fara wanda zai zauna a gida. Ya ce shi ne na ƙarshe, kuma yana so ya gama kafin bakin kurtun ya rufe.

Ya yi shekara biyu a kansa, alhazai suka dawo sau biyu muka cika ƙwayoyi, rawaya ta kai izu arba'in da wani abu. A shekara ta uku ya ƙarasa baƙi da ja har ƙarshe. Saura cikon ƙwayoyin kashi na ƙarshe. Na tsince ƙaro, Alhaji ya tafi da shi.

Shekarar da aka ba Katsina jiha ce. Kafin ranar Arfa rediyo ta ce an yi rikici a Makka tsakanin alhazan Iran da masu tsaron gari, mutane da yawa sun mutu. Gidan Alhaji aka cika ana kuka, ba mai labarin kowa. Allah Ya dawo da shi lafiya da tsofaffinsa, amma da ya shigo gidanmu bai yi mini tsiya ba. Ya zauna a tabarma, ya zaro jakar ƙarona daga aljihu ya ajiye a gabana, ɗinkina ko kwancewa ba a yi ba.

Ya ce, "Na je inda yake zama har na gaji. Na tambayi mutanensu, ba mai tsayawa ya saurare ni. Ban sani ba ko yana cikin waɗanda suka mutu, ko yana cikin waɗanda suka ɓuya."

Malam ya ce, "Baɗi in Allah Ya kai mu."

Kafin baɗin ta zo, aka ce hukumar Makka ta yanke hulɗa da ƙasar, ta kori wakilansu, ta rage yawan alhazan da za su zo. Su kuma suka ce in haka ne ba mai zuwa ko ɗaya. Ranar da aka faɗa, 'yan'uwan biyu suka yi musu a zaure har ina ji daga tsakar gida. Ban taɓa jin Alhaji ya ɗaga wa yayansa murya ba sai ranar.

Alhaji ya ce, "Daidai aka yi masu, Yaya. Wurin ibada ne ko filin siyasa? In gwamnatinsu ce ke turo su da tutoci, ai dole a rufe ƙofa."

Malam ya ce, "A rufe wa masu tutar. Tsoho mai ƙullin za'afaran wace tuta ya ɗaga?"

"Wa zai tsaya tantance tsoho da yaro a cikin wannan taro? Kai ba ka ga abin da na gani ba. Takalma, Yaya. Titi guda takalma ne zube, har da na mata. Ina riƙe da hannun Alhaji Barau, tsoho mai ciwon ƙafa, muka yi rabin yini a bayan shagon wani Bayamale. Da an tattake shi, mi zan ce wa 'ya'yansa?"

Malam ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba, Mani. Amma waɗanda suka turo su suna can bisa kujerunsu, waɗanda suka rufe ƙofa su ma suna bisa nasu. Wanda aka hana Ɗakin Allah shi ne wanda ya tara kuɗin guzuri da gonarsa."

Alhaji ya ce, "To su gyara shugabanninsu."

Malam ya ce, "Kai ka gyara naka?"

Nan Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya tashi. Ni har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Na ga idon Alhaji lokacin da yake maganar takalma, kuma na ga takardun Malam.

Muka shiga neman mafita. Bafarishe ya taɓa rubuta wa Alhaji sunan garinsu a bayan wata takarda, sai Malam ya ce a aika masa wasiƙa ta gidan waya ya turo za'afaran. Mista Bulus ya zo har zaure, ya cire hularsa ya ce, "Malam, in ka ba ni zan buga mata kan sarki ta tafi, aikina ne. Gwamnatinmu ba ta yanke hulɗa da su ba. Amma a matsayin maƙwabci, ina roƙonka ka bari. Yanzu ana lura da duk mai hulɗa da wajen, saboda samarin nan masu yawo da hotunan malaman Iran. Ƙunshi ya zo maka daga can, za a zo a tambaye ka. Kai da makaranta da almajirai, ko an sake ka sunan ba zai sake ka ba." Malam ya yi masa godiya, bai aika ba. Dama a kasuwa wasu sun fara cewa malamin nan da tawadar 'yan Iran yake rubutu. Wani mai unguwa da ya saba aiko matansa karɓar rubutun naƙuda ya daina.

Alhaji kuwa, duk da musun, bai bar neman ba. Hajjin da ya biyo ya shiga shagunan Makka ya sayo gwangwani guda mai kyau, ya kawo yana taƙama. "Ga shi nan, matata, na shago, ba na bakin titi ba." Na jiƙa, ruwan ya yi ja nan take kamar an yanka kaza, zaren kuma ya koma fari. Na ɗauko ɗaya na murza. Na ce, "Alhaji, ka bar masara a Dabawa ka je Makka ka sayo gemunta?" Gemun masara ne aka rina. Ya riƙe baki, ya ce Allah Ya isa. Ya sake gwadawa wata shekarar, aka ba shi na gaske amma tsoho, launinsa bai kai rabin na Bafarishe ba. Malam ya ɗiga a gefen wata takarda, ya kara da shafin farko kusa da idonsa, ya ture.

Na roƙe shi. Na ce, "Malam, a sa gangamau. Ubanka da shi ya rubuta, ba wanda ya ce Alƙur'aninsa bai karantu ba."

Ya ce, "Da a ce da gangamau na fara wannan, da da shi zan gama. Wanda zai buɗe bayan raina zai ga gaba yana haske baya ya koɗe, ya ce marubucin ya gaji ne ko ya yi ha'inci. A jira alhazai."

Na ce, "Idon zai jira alhazai?"

Ya mayar da shafin cikin gafakar Alƙur'anin. Kullum da hantsi yakan sa a ɗauko gafakar, ya zaro kashin ƙarshen, ya jera ya mayar. Rediyo tana kusa da shi, duk lokacin labaran duniya sai ya ce a yi shiru, ko za a ce an shirya. Mutumin da bai taɓa damuwa da wane ne minista ba, sai ga shi yana tambayar Mista Bulus mi ake nufi da jakada, kuma in ƙasa biyu suka ɓata wa ke fara zuwa biko. Yaƙinsu ya ƙare muka ce to yanzu. Babban malaminsu ya rasu muka ce to yanzu. Hajji ya zo ya wuce, ba su zo ba.

Wata safiya bayan kaka, ina shara, ya kira ni. Ya ce, "Hure, daka gangamau." Na daka, na tace har sau uku, na sa ƙaron da na ware wa Bafarishe, don shi ne mafi haske a gidan. Na shimfiɗa masa buzu a tsakar gida inda rana ta fi. Ya fere sabon alƙalami da lalube, ya ɗauko warƙa ɗaya, ya sunkuya har gemunsa yana taɓa takardar. Ya yi bisimilla ya fara ɗigawa. Ina tsugune a gefensa riƙe da kofin.

Ya yi layi uku ya ɗago. Ya ce, "Duba mani. Ya shiga?"

Na duba. Ko ɗaya bai shiga ba. Wani ɗigon yana gefen ƙwayar, wani a kan baƙin rubutu, wani a fili inda babu komai. Ƙwayoyin suna nan fari yadda ya bar su. Shekara talatin da wani abu ina gaya masa gaskiyar tawada, in ta yi in ce ta yi, in ba ta yi ba in ce a zubar, kuma da wannan ya yarda da ni.

Na ce, "Malam, ya fita."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Ya goge bakin alƙalamin a gefen buzu, ya miƙo mini. Ya ce, "To wanke shi ki ajiye." Ya sa na ware warƙar da ta ɓaci, daga baya wani almajirinsa na Kurfi ya sake kwafe ta. Almajirin ya ce a ba shi ya cika sauran da gangamau, Malam ya ce a'a, a bar su, wanda ya ga fari zai san jira aka yi. Bai ƙara shekara ba ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Ku bar ni in share ido.

Bayan rasuwarsa ba da daɗewa ba aka ce ƙasashen sun shirya, alhazan Iran sun koma Makka. Ban san wa ya ba wa haƙuri ba, ban ji an ce wani a cikin manyan ya yi asarar komai ba. Alhaji ya je ya zagaya inda tsohon ke zama, ya tarar an rushe wurin ana gini. Ya sayo za'afaran mai kyau a hannun wata mata cikin alhazansu, ya kawo mini. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Matar Yaya, ga shi ya zo." Ranar ce ya fara kirana haka, kuma bai sake ce mini matata ba har ya mutu. Muka zauna muka yi kuka mu biyu. Na raba wa masu ciki na unguwa.

Alƙur'anin yana nan a gafakarsa, jikokina suna karatu da shi da azumi, sun ce farin ƙwaya ba ya hana a san ƙarshen aya. Ni ban iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Amma in suka zo shafin da rawaya ta tsaya, daga inda nake zaune nakan gane, sai in tashi in shiga ɗaki har su wuce wurin.